Hajiya, Jar Motar Ƙarƙashin Benenmu

Ko da zan manta da komai na zamanin korona, ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da na sha ƙasa a wurin ajiye motoci na gidanmu a unguwar Sentul, jikina duk kumfa, ina salati da ƙarfi. Har yau ko matata ban ba ta labarin gaba ɗaya ba. Rabi na gaya mata, shi ma sai da ta yi dariya har da hawaye.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne. Ni mutumin Fagge ne, kuma Allah ya yi ni da son gaisuwa. A gida, daga ƙofarmu zuwa masallaci ba wata tafiya ba ce, amma sau da yawa sai an tayar da iƙama nake isa, don ba na iya wuce mai shayi ban tambaye shi ya kasuwa ba, ya yara, ya mai jiki, ya aka ji da zafi. Abokaina suna cewa idan na fara gaishe ka, gara ka nemi wurin zama. To wannan mutumin ne ya samu tallafin karatu ya taho Kuala Lumpur yin digiri na uku, aka wayi gari an kulle garin da shi a ciki.

Danladi, ɗan Jos ɗin da muke haya tare, ya tafi gida aikin bincikensa kafin kullen, aka rufe iyaka yana can. Ya bar mini takalmansa a bakin ƙofa da rabin buhun shinkafa. Karatu ya koma cikin kwamfuta. Masallaci a rufe. Shagon mamak ɗin, wato na Indiyawa masu shayi da abinci, da nake zama shan shayi da yamma, sai dai ka tsaya daga waje a miƙo maka a leda ka juya. A cikin lif an manna alamu a ƙasa, kowa ya tsaya a kusurwarsa ya fuskanci bango. Iyalina suna Kano, lokacinmu kuma ba ɗaya ba, ina tashi suna tsakiyar barci. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Akwai ranar da na yi gyaran murya da la'asar na ji ta a dashe, sai na tuna tun jiya ban yi wa kowa magana ba.

Da yake an hana fita motsa jiki a titi, sai na ƙirƙiro dabara: kullum da hantsi in sauka ƙarƙashin bene inda ake ajiye motoci, in yi ta zagaye har in yi gumi. A can na gan ta, a lungun ƙarshe, jikin wani ginshiƙi.

Ni ban san komai a harkar mota ba (ta ƙarshe da na tuƙa ta yayana ce, kuma har yau bai sake ba ni makulli ba), amma ko makaho ya shafa wannan ya san ba irin sauran ba ce. Ƙofa biyu gare ta, gajeriya har rufinta bai wuce ƙirjina ba, ga dogon hanci, ga fitilu zagayayyu kamar tana zaro ido. Ja ce, amma jan ya koɗe ya koma kalar busasshen tattasai. Tsatsa ta ɗan taso a ƙasan ƙofar direba, tayar baya ɗaya ta yi sanyi, fatar kujerun ta tsattsage, an kuma shimfiɗa mata kwali a ƙasa saboda baƙin mai da ke ɗiga. Duk da haka, idan ka tsaya daga gefe ka dubi yadda rufin ya gangaro ya haɗu da baya, sai ka rantse gudu take yi alhali tana tsaye. Na duba sunan da ke jikinta a waya, ashe 'yar Italiya ce, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba.

Abin da ya gama da ni shi ne sitiyarin. Na katako ne, siriri, kuma a hagu yake irin na gida, alhali duk motocin ƙasar nan nasu a dama yake. Na leƙa ta gilashi na daɗe ina kallo. Na ce a raina, ashe ke ma baƙuwa ce, ke ma an kawo ki an ajiye ba mai leƙo ki.

Washegari da na zo wucewa sai kawai bakina ya suɓuce na ce, "Hajiya, ina kwana?"

Na waiga, ba kowa. Na ji wani sanyi a raina wanda na daɗe ban ji ba. To daga nan fa abu ya lalace. Gaisuwa ba ta cika sai an amsa, don haka na fara amsa mata da kaina, in siranta murya in ce lafiya lau, in mayar da tawa muryar in ce ya gajiya, in sake sirantawa in ce ba gajiya. Mukan kai har kan ya mutanen Italiya, ya aka ji da annoba, Allah ya kawo mana sauƙi. (Magidanci ne fa ke wannan, mai gemu, wanda ake kira Malam a jami'ar da ta turo shi.)

Da tafiya ta yi tafiya sai gaisuwa ta koma hira. Na kai mata ƙarar malamin da ke duba aikina, wanda ba ya amsa saƙo. Na gaya mata yadda tuwon da na gwada tuƙawa ya koma kunu. Wata rana na tsuguna gefen ƙofar direba, na riƙe iska kamar sitiyari, ina yin ƙugin inji da baki, ina canja giya, har na kai mu Zariya na dawo. Ranar da matata ta turo mini bidiyon 'yarmu Ummi tana takun farko, ta nufi wayar tana miƙo hannu, ban iya kallonsa a ɗaki ba. Na sauko na jingina da ginshiƙin, na nuna wa Hajiya, sannan na yi kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Yanzu ga inda tarbiyya ta cuce ni. A inda na taso, ba ka gaida babba kullum kana kallon motarsa ta yi ƙura ka wuce. Ba a ma tambaya, sai dai ya fito ya tarar an wanke ya sa albarka. Wankin mota kuma a wurinmu ba shi da wani sirri: bokiti, garin sabulun wanki, soso. Na dubi koɗewar nan na yanke hukuncin datti ne ya daskare, don haka na haɗa har da soson tukunya mai kaushi, saboda a yi aiki mai kyau.

Na sauko da hantsi da kayan aikina, na naɗe hannun riga. Na ce, "Hajiya, ina kwana? Yau dai wanka za a yi." Na kaɗa kumfa, na ɗora soso a kan hancinta, na dirza da ƙarfina. Kumfar ta fito ja kamar zoɓo. Na tsaya ina kallo, na ce lallai dattin ya yi yawa, na sake dirzawa.

Sai na ji an ce, "Lafiya lau."

Muryar namiji ce, a dashe, kuma daga wajen motar ta fito. Ta sake cewa lafiya lau, sannan ta koma Turanci tana cewa in tsaya, in tsaya haka nan. Ban san lokacin da na yi baya ba. Santsin sabulu ya kwashe ni, bokitin ya biyo ni ya kife a cinyata. Ina kwance ina janyo duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Abin da ya zo raina shi ne aljani ne, kuma tun daga Fagge ya biyo ni, in ba haka ba ina aljanin Italiya ya koyi Hausa?

Muryar ta fashe da dariya har ta sarƙe da tari. Da ta lafa, sai ta ce in ɗaga kai in dubi saman ginshiƙin. Wata 'yar baƙar kyamara ce a maƙale, ba ta fi ƙwan kaza ba, mai lasifika a jiki. Mai maganar ya ce sunansa Selvam, kowa a gidan Ankul yake ce masa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana can sama a ɗakinsa shi kaɗai. Yana da ciwon suga da na zuciya, don haka 'yarsa da ke jihar Penang ta hana shi ko leƙa lif, ta sa aka maƙala masa kyamarar don ya riƙa ganin motarsa a waya. Ya ce tun makon farko yake kallona, yana kuma jin duk abin da nake faɗa. Kullum da hantsi yakan haɗa shayinsa ya zauna ya jira ni.

Tun makon farko. Ina zaune cikin ruwan sabulu ina lissafin abin da hakan ke nufi: siririyar muryar, ƙugin injin, tafiyar Zariya.

Ya yi mini bayanin fentin ba tare da faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce wanda aka fesa mata ne tun a Italiya, bai taɓa bari an sake shi ba, ko wanki da ruwa zalla yake yi mata da tsumma mai laushi. Masu son irin waɗannan motoci koɗewar nan suke nema, don ita ce shaidar ba a taɓa ta ba. Ana iya gyara inji, a sake kujera, amma fentin asali idan ya tafi ya tafi. Na miƙe na dubi aikina. Wuri kamar faɗin tafin hannu ya yi fari-fari a tsakiyar hancinta, da zanen soso a jiki.

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai ya riga ni. Ya sassauta murya ya ce, "Bar maganar fenti. Ran nan da ka yi kuka, lafiya dai a gida? Na so in yi magana, na ji tsoron kar ka daina zuwa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Fenti dai ɓarna ce, ana ba da haƙuri. Amma a ce wani dattijo ya ga hawayena, ya kuma adana abin a ransa yana tausayina, wannan ne na kasa ɗauka. Na yi wata magana da ni kaina ban ji ta ba, na suri bokitina na yi lif da gudu, silifa ɗaya a ƙafa.

Ban koma ba. Na mayar da motsa jikina hawa da saukar matakala. Idan zan zubar da shara sai in zagaya ta ƙofar gaba. Kullum ina cewa gobe zan sauka, har na tsara jawabin ban haƙuri da Turanci mai kyau ina maimaitawa a banɗaki, amma da na tuna siririyar muryar nan sai in fasa. Na gaya wa kaina kunya ce, kuma kunya ai halin kirki ne. Haka na koma yini ba magana, wannan karon ma ba Hajiya.

Sai da aka buɗe tafiya tsakanin jihohi sannan na yi ta maza. Na sayi dabino mai kyau a kasuwar Chow Kit, na sa riga mai guga, na sauka. Lungun wayam. An cire kyamarar, sai ramukan ƙusa a jikin ginshiƙi.

Mai gadinmu, wani ɗan Nepal, ya same ni tsaye da leda a hannu. Ya ce 'yar Ankul ta zo ta tafi da shi Penang gaba ɗaya, motar kuma an ɗora ta a babbar mota an bi su da ita. Ba shi da lambarsu. Har ya juya sai ya dawo ya ce, "Bos, ko kai ka san yaren nan? Kullum da hantsi sai tsohon ya yi ta magana ta lasifika, ba kowa a wurin. Masu shara har sun daina zuwa lungun."

Na tambaye shi me yake cewa. Ya ɗan yi tunani, ya kwaikwayo da bakinsa na ɗan Nepal: "Ina kwana. Ina kwana. Ya gajiya." Ya ce sai tsohon ya yi shiru kamar mai jira, can kuma ya sake. Har safiyar da za su tafi sai da ya yi.

Na hau sama na zauna a gefen gado da dabinona. A garinmu babu rashin mutuncin da ya kai a gaishe ka ka ƙi amsawa, ko kuna gaba da mutum sai ka ce lafiya ka wuce. Ni kuwa na yi wa dattijo haka mako da makonni, ina can sama ina lallashin kunyata, shi yana gaida siminti.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kada ka kusanci tsohuwar motar mutane da soson tukunya. Idan kuma kaɗaici ya kai ka ga gaida mota, ba komai, gaishe ta, ba kai ka fara ba. Amma in ta amsa, ka tashi ka matse wandonka, ka tsaya ka tambaye ta ya gida.