Ranar da Rediyon Alhaji Ya Kama Tashar Sani

Akwai wata Asabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da kuwa na so. Har yau in na tuna ina cikin taram, jirgin cikin gari, a Vénissieux kusa da Lyon ta Faransa, sai in ji zufa ta karyo mini.

Lokacin ina neman auren Nafisa. Mahaifinta, Alhaji, mutumin Damagaram ne, ya yi shekaru yana aiki da wata ƙungiyar duniya a Amurka kafin a maido shi Paris. Magabatana a Maraɗi sun shirya tsaf, amma ya ce kada kowa ya motsa sai ya gan ni da idonsa. Nafisa kuma, Allah ya shirye ta, ta riga ta gaya masa cewa ni injiniya ne. Gaskiya ne, amma injiniyan ruwa (bututu da famfo, ba wani abu ba).

Na hau jirgin ƙasa daga Lyon da sassafe, na sa shaddar da ko Sallah ba na sa ta. Aka yi gaisuwa mai tsawo, na durƙusa har gwiwata ta yi ƙara. Alhaji mutum ne mai magana ɗaya-ɗaya, kamar yana karanta sanarwar gwamnati. Bayan cin abinci sai ya ce:

"Malam injiniya, abu na farko, sannu da hanya. Abu na biyu, ina da ɗan aiki."

Ashe motarsa ce da ya taho da ita daga Amurka. Tana da rediyon tauraron ɗan'adam, wanda yake jin labaran duniya da shi, amma tun da ta sauka Faransa rediyon ya yi gum. Har ya sa an aiko masa sabuwar eriya daga can, tana nan cikin kwalinta.

Nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Sai na ji bakina ya ce, "Ai ƙaramin abu ne, Baba."

Muka sauka bakin titi, ana yayyafi. Alhaji ya shiga gaba ya zauna, ya rufe gilashi, ya harɗe hannuwa. Na manna eriya a saman mota, na bi da wayarta ta cikin robar ƙofa, na cusa ta inda na ga rami ya yi daidai da ita. Allon ya nuna yana neman sigina. Na matsar da eriyar gaba, yana nema. Na maida ita baya, yana nema. Don a ga ina aiki, na haɗa salulata da motar ta bulutut, na ce zan tayar da rajistar rediyon ta intanet (ko lambar rediyon ban san inda take ba).

Aka ci kusan awa ɗaya. Shaddata ta jiƙe ta manne a bayana. Ina ɗaga kai sai in hango Nafisa a tagar hawa na uku tana yi mini alama da hannu, wai yaya dai? Alhaji kuwa agogonsa kawai yake dubawa. Wallahi na ji tsoro, don na ga auren yana sulalewa a kan wata 'yar eriya da ba ta kai kwalin ashana biyu ba.

Sai na tuna da Sani, abokina bakanike a Vaulx-en-Velin. Na ce, "Baba, bari in duba ta baya." Na zagaya bayan mota na tsuguna, na aika masa saƙon murya cikin raɗa. Na faɗi halin da nake ciki, kuma don baƙin ciki ya cika ni, na ƙara da wani suna da na laƙaba wa Alhaji tun muna kan tabarmar cin abinci, mai nufin sanarwar gwamnati da Faransanci.

Ba a jima ba amsa ta shigo. Na danna, na kara a kunne. Shiru. Na ƙure ƙarar salula, na sake dannawa. Shiru, sai dai wani gunji da nake ji daga cikin mota. Na ce a raina salular ma ta juya mini baya, na danna karo na uku.

Sai gilashin gaba ya sauko a hankali, muryar Sani ta fito ta cika titi:

"Kai injiniyan hwamho! Mi ya kai ka? Rediyon ga ba ya kamawa Faransa, tauraronsu saman Amurka yake, ko ka hau bisa bene da anten ɗin! Bon, ka hwaɗa ma Alhaji Communiqué ɗin naka gaskiya, tun bai hana ka ɗiyar ba!"

Na so ƙasa ta tsage. Na miƙe da kyar, na zo bakin taga.

"Malam injiniya," in ji Alhaji, fuskarsa ba alamar dariya, "rediyo ya kama. Sai dai tashar labari ɗaya take maimaitawa, sau uku ke nan."

Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen titi, mutane suna wucewa suna kallona. Na ce, "Baba, a gafarce ni. Ban san komai a kan rediyo ba. Ruwa na karanta."

"Shi kuma Communiqué wane ne?"

Na sunkuyar da kai. Can ya buɗe ƙofa ya fito, ya ce, "Famfon madafa wata biyu yana ɗiga. Ko shi ma sai an tambayi Sani?"

Na gyara famfon nan cikin minti goma, kaina a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ina godiya ga Allah da ya ba ni inda zan ɓoye fuska. Da zan tafi bai ce mini komai ba sai "A sauka lafiya." Nafisa ba ta leƙo ba. Na koma Lyon ban iya shan ko ruwa a jirgi ba.

Kwana tara ba labari. Ran na goma, ina wurin aiki, salula ta yi ƙara, na ga lambar Alhaji. Na tashi tsaye kafin in ɗauka.

"Communiqué na ɗaya," in ji shi, "famfo bai sake ɗiga ba. Na biyu, a gaya wa mutanen Maraɗi su zo."

Yanzu shekararmu huɗu da Nafisa, kuma duk dangi sun san ni da Injiniyan Famfo. Na koyi cewa "ban sani ba" ba ta kashe mutum. In kuwa dole sai ka yi gulmar surukinka, to ka fara kashe bulutut.