Birkin Bafaranshe

Ranar da Merv Pettigrew ya gwada birkinsa, an kwana ana ruwa, gari ya waye tas, iskar teku tana kaɗawa da ɗan sanyin Satumba. Lokacin ne wasu tsuntsaye masu baƙi da fari da ake kira magfai ke ƙyanƙyasa, suna kai wa duk mai keke sara a ka.

Garinmu bai taɓa samun mutum kamar Merv ba, shi da kansa ya sha faɗa mana haka. Ya tsufa yana buga hatimi a ofishin ƙaramar hukuma. Da ya yi ritaya sai ya tafi hutu Faransa, ya tsaya a bakin titi, masu tseren keke suka wuce shi fuu. Daga iskar da suka kaɗa masa ya kwashe ilimin keke kaf. Ya dawo da gashin baki murɗaɗɗe da wani ɗan akwati mai ƙyalli. A rumfar bayan coci, inda mu tsofaffi ke taruwa mu gyara kekuna mu sha shayi, ya naɗa kansa Babban Mai Duba Birki. Mu kuma muka sa masa Bafaranshe. Ya ɗauka sarauta ce, har yakan amsa da ɗaga hula.

Abin da ke cikin akwatin birki ne mai fikafikai biyu, wanda ake ce wa kantiliba. Kowane fiffike yana zama a kan ɗan turken da ke jikin keke, waya ta haɗa su ta sama. Merv yakan buɗe mana mu gani, amma ban da taɓawa. Keken da ya isa a ɗaura masa ne aka rasa a garin.

Sai ga Noelene Haskett ta turo keken marigayi mijinta, Arthur. Gidanta yana can kan tudu, kuma da keken nan take gangarowa sayen kifi, da shi take kai furanni kabarinsa. Ta ce ƙararrawar ce ta cije, a duba mata, za ta je birni wurin 'yarta ta dawo. Kowa ya san Merv ya daɗe yana gyara gashin baki saboda Noelene, da kuma kek ɗin kwakwar da take kawo wa wanda ya yi mata aiki. Ya miƙe ya dafa sirdi.

"Ranki ya daɗe, mace irinki ba da birkin ƙauye za ta riƙa tsayawa ba. Ki je ki dawo. Za ki tarar da keken da ko a Paris sai an waiwaya."

Ta sake cewa ƙararrawa. Ya ce ƙaramin abu ne wannan.

Ya kwance tsohon birkin, wanda bai taɓa yi wa kowa laifi ba, ya jefa a kwandon tarkace. Da ya ɗora sabon, sai aka ga turakun keken sun matsu da juna, robar birki ta ƙi zama a kan ƙarfen taya, tana cizon tayar kanta. Wani mai ƙaramar zuciya da ya ce birkin ne bai dace da keken ba. Merv ya fi ƙarfin wannan.

"Birkin nan ba ya kuskure, jama'a. Keken ne bai waye ba. To, zan wayar da shi."

Ya ɗauki magagari ya bi robar da guga har ta koma kamar yankan albasa. Daga nan wayar gaba ta nemi wurin rataya, ashe daidai wurin ne kwandon da Arthur ya saƙa da hannunsa yake. Kwando ya sauka. Madigadi, wato murfin saman taya, ya tokare wayar da ta haɗa fikafikan, shi ma ya sauka. A baya fikafikan suka bugi kariya, ƙarfen nan na ɗora kaya, Merv ya sa zarto. Kullum keke yana ramewa, Bafaranshe yana ƙara kumbura. Col Brannigan, tsohon masunci, ya leƙo daga bayan kofin shayinsa ya roƙe shi ya rage wa baiwar Allah sirdi, ko ta samu wurin zama.

Akwatin bai zo da hannayen matsewa ba, don haka aka bar na da, waɗanda aka yi don wani irin birki dabam. In ka matsa sai ka ji tauri kamar dutse, amma taya ko a jikinta. Merv ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana sa mu matsa.

"Kun ji tauri? Wannan shi ake kira inganci."

Ranar da Noelene ta dawo muka taru a kan tudu, ita tana riƙe da kek a faranti. Ta dubi keken, ta dubi Merv, ta tambaya ina sauran yake. Ya ce nauyin banza ne ya rage mata, ta tsaya ta ga aiki. Col ya miƙa masa hular kwanonsa, irin tamu ta wannan lokaci, wadda muka kafa wa tsinkayen roba don korar magfai. Merv ya ture ta.

"Ni ba bushiya ba ce, mutumina."

Ya sa tasa mai santsi, ya hau, ya ɗaga wa Noelene hannu, ya gangara.

A itacen da ke gaban gidan waya akwai wani tsohon magfai da muke kira Sajan. Bai taɓa zuwa Faransa ba. Ya sauko kamar an harbo shi, ya kai wa hular sara, ya juya ya ƙara a kunne. Merv ya matse birki da hannu biyu. Birkin ya yi kuka irin na alade a mahauta, har karnukan unguwa suka amsa, amma keke bai ji labari ba. Ya wuce gidan waya, ya wuce shagon kifi, ya bi gangaren da ake tura jiragen ruwa. Teku ta janye a lokacin, sai taɓo baƙi ƙirin. Nan keke ya kafe, Babban Mai Duba Birki ya ci gaba shi kaɗai.

Muka sauka a hankali, gwiwoyinmu ba na gudu ba ne. Muka tarar da shi zaune a taɓo har ƙugu, gashin baki ya kwanta. Ya tofar da abin da ke bakinsa ya nuna keken.

"Kun dai ga yadda ya tsaya cak."

Noelene ta ba Col faranti ya riƙe mata. Ta cire takalma, ta shiga taɓon, ta wuce hannun da Merv ya miƙo, ta fizgo keken mijinta. Ta share ƙararrawar da gefen riga ta danna. Shiru.

"Merv, ƙararrawa na kawo."

Farantin bai bar hannun Col ba, kuma har yau wurinsa kek ɗin yake zuwa. Mun tono tsohon birkin daga tarkace mun mayar, kwando ya koma wurinsa, an yi wa kariya walda, ɗigon mai kuma ya ishi ƙararrawar. Merv yana nan lafiya, da ƙafa yake yawo, kuma ta bayan gidan waya yake zagayawa. Birkin Faransa yana rataye a ƙusar bayan ƙofar rumfa. A kansa muke shanya tsumman goge kofuna.