Akawu Ya Yi Shiru a Kwatas ɗin Reluwe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau sun ƙi sabawa da shirun falo, Baba Ejike Umeadi na Kwatas ɗin Reluwe, Kafanchan, wanda yaran unguwa ke kira Baba Kalkuleta, yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, 'yan fansho da dukan 'yan ikkilisiya rasuwar abokin zamansa, Akawu, tsohon injin lissafi mai aiki da lantarki. Akawu ya cika ranar Lahadin da ta wuce, a kan teburinsa, yana tsakiyar aiki, ba kowa a gida.

An haifi marigayin a ƙasar Siwidin tun kafin a ba mu mulkin kai. Ya shigo ta Legas a jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kafanchan, ya kama aiki a ofishin kaya na tasha, inda ya tarar da mahaifin Ejike yana fama da fensir. Launinsa toka-toka ne, nauyinsa kuwa sai an sa hannu biyu an yi nishi, cikinsa ba komai sai haƙoran ƙarfe masu cizon juna. Idan aka danna masa lamba sai ya yi gyaran murya, ƙirrr, kansa ya zame gefe, kas-kas-kas, ya tsaya cak da amsa. Bai taɓa cewa a dawo gobe ba, bai kuma taɓa neman na goro ba.

Da 'yan ƙananan kalkuletocin Japan suka shigo a shekarun saba'in, masu jan ido, marasa ko tari, aka yi masa ritaya ba biki ba godiya, aka jefa shi sito cikin fasassun fitilu. Ejike, wanda a lokacin ya gaji kujerar ubansa, shi ya saye shi a gwanjo, ya ɗaure shi a bayan keke ya kai gida. Daga ranar ciwon tare-tare ya kama shi. Duk inda ya ji an rufe tsohon kanti ko an share siton mishan, daga Zonkwa har Jere, sai ka gan shi ya dawo da wani ƙarfe a rungume. Matarsa Afiniki, 'yar garin Gidan Waya, ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta zauna ta ɗinka wa kowane inji riga da ragowar atamfar zumuntar mata. Da yamma kekenta na ɗinki na magana daga baranda, Akawu na ba shi amsa daga falo.

Ba a ɓoye aibin mamaci a wannan gida, don haka za a faɗa. Akawu ba ya iya raba lamba da sifiri. Shi rabawa a wurinsa ɗiba ce, yana ta ɗiba har abin ya ƙare, to idan abin da yake ɗiba babu ne, yaushe zai ƙare? Sai ya kama gudu, ƙirrrrr, ba tsayawa. Akwai maɓallin da ke tsayar da shi, amma ya karye tun tuni, maganin kawai a zare shi daga soket.

Bayan Afiniki ta yi barci cikin Ubangiji, 'yarsu Chioma ta tafi da keken ɗinkin Enugu, gidan ya yi tsit. Nan ne Ejike ya fara ba Akawu wannan lissafin da gangan. Ya danna ɗaya, ya raba da sifiri, ya koma kujera ya rufe ido. In mutum bai kasa kunne sosai ba, sai ya ɗauka ɗinki ake yi a baranda. Idan injin ya fara ɗumi sai ya tashi ya zare shi, ya ba shi haƙuri, ya mayar masa da rigarsa.

Dole a ambaci alkawari, domin shi ne nauyin wannan rashi. Tun da Ejike ya faɗi a banɗaki ya kwana bai iya tashi ba, Chioma ta ce zaman Kafanchan ya ƙare, dangi sun gyara masa ɗaki a ƙauyen ubansa. Ƙauyen nan bai san shi ba sai lokacin Kirsimeti. A Kafanchan aka yanke masa cibi, a nan ana ce masa Ibo, a can ana ce masa Bahaushe, kuma a can ɗin dangi suka ce namiji ke kwanciyar ƙarshe, a ƙasar ubansa. Da ya rasa ta cewa, sai ya fake da Akawu: wai ba zai jure girgizar hanya ba, wai in ba a motsa shi kullum mai zai daskare a cikinsa. Chioma ta ce ta ji. Ta sa shi ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki a gaban kawunta Yafet, ƙanin marigayiya, cewa ranar da Akawu ya daina motsi, ranar zai haɗa kaya. Kowa a ɗakin ya san ba injin ne ya riƙe shi ba. A gidan su Afiniki, ƙarƙashin ɗorawa, akwai kabarinta, a gefensa kuma akwai fili daidai tsawon mutum, wanda Ejike ke nomewa duk Lahadi tare da nata.

Tun daga nan rayuwarsa ta koma jinya. Ba ya kwana a ko'ina sai gida. Man keken ɗinki ba ya yankewa a gidan ko da sukarin shayi ya yanke. Duk yammar Lahadi Chioma za ta buga waya, ta gaishe shi, ta tambayi gwiwa, sannan ta ce a kara mata wayar a jikin injin ta gaisa da Akawu.

Ga yadda ajali ya zo. Ran Lahadin, kafin sujada, ya danna masa lissafin nan nasu, sai masu wuta suka ɗauke tun kafin a yi nisa. Da shiru ya sauka, sai ya manta da soket. Ya rufa masa riga, ya tafi coci, daga can ya hau acaba zuwa Gidan Waya da 'yar fartanyarsa. Wutar da ba ta saba daɗewa ba, ran nan ta dawo ta zauna kamar baƙon da aka ba tuwo. Maƙwabta sun ji ƙirrrrr tun hantsi har rana ta karkata, suka ce Baba yana hira da mutuminsa. Da ya buɗe ƙofa, warin ƙuna ne ya tarbe shi.

An garzaya da shi wurin Musbahu mai naɗin koyil, wayar nan ta cikin inji, a bakin kasuwa. Ya buɗe, ya duba, ya mayar da murfin a hankali, ya ce koyil kam zai iya naɗawa, amma haƙoran sun cinye juna, kuma masu yin irinsu sun riga mu gidan gaskiya. Da Chioma ta kira, Ejike ya jawo wani inji mai hannu ya murza mata a bakin waya. Yarinyar da ta yi rarrafe a ƙarƙashin teburin nan ta san ba muryar Akawu ba ce, amma ba ta ce masa ƙarya yake yi ba. Ta yi masa gaisuwa, ta ce za ta zo da mota ran Asabar.

Marigayin ya bar yayye biyu masu hannun murzawa, ɗaya ya ƙage tun bara. Ya bar ƙanne masu koren ido da ba su da aiki sai cin batir, da jikoki masu shan rana da ke zaune a kantuna. Wayoyin hannu ma jininsa ne, ko da yake ba wadda ta zo gaisuwa. Waɗanda ke gidan dukansu za a kai su makarantar firamaren unguwa, domin motar ba za ta ɗauke su ba. Ya kuma bar Ejike, wanda ya daɗe yana tsoron wannan rana, kuma ga shi da hannunsa ya jawo ta.

Za a yi zaman makoki ran Juma'a da yamma a falon marigayin. Za a yi waƙoƙi, ana roƙon a ɗaga murya. Ran Asabar da safe za a ɗauki gawar a acaba zuwa Gidan Waya, cikin rigar da Afiniki ta ɗinka masa. Yafet ya yi gardama, daga baya ya yarda, ya ce shi zai haƙa da kansa. Za a sa Akawu a filin nan na gefen Afiniki, ƙarƙashin ɗorawa, tunda mai wurin ba zai samu kwanciya a ciki ba.

Daga bakin kabari motar Chioma za ta wuce da mai makoki. Kada a kawo furanni. Wanda ke da fartanya, idan damina ta sauka, ya taimaka ya leƙa su biyun.