Direban da Fasto Ya Yaba

Ranar da ƙungiyarmu ta masu samar wa mutane aiki a Kafanchan za ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Abuja, ni na tashi na ce a bar mini maganar direba.

Dokarmu ita ce a gwada mutum kafin a miƙa shi. Ni ban gwada Bitrus, direban da na kawo, ba. Ya zo daga Kagoma da wasiƙar fastonsa: ba ya shan giya, ba ya fashin sujada, shekara goma yana kan hanya. Wane gwaji kuma?

Manajan kamfanin ya miƙa masa makullin sabuwar bas, ya ce ya zaga fili sau ɗaya. Bitrus ya shiga ya zauna. Shiru. Shugabarmu, Mama Rifkatu, ta juyo ta kalle ni. Na ce, "Addu'a yake yi, Mama."

Minti biyu, bas ba ta motsa ba. Manaja ya rufe biron da zai sa hannu da shi.

Can Bitrus ya leƙo ta taga. "Oga, a ina ne ake buga kik?"

Ashe shekara goman nan a kan babur ɗin okada ya yi su.

Da kyar Mama ta ceto yarjejeniyar, bayan ta kira direbanta ya tuƙa bas ɗin. Har yau, in na shiga taro, ba mai cewa komai. Sai dai kowa ya ɗaga ƙafar dama ya buga iska.