Ranar da Na Tsuguna Na Kasa Tashi a Zauren Baffa

Ba zan taɓa mantawa da wani zaure da ke unguwar Jushi ba, ko da na so in manta, domin mutanen gidan sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini.

A shekarar da na kammala jami'a, abu biyu nake alfahari da su: tsabtar Hausata da ƙarfin ƙafafuna. Kullum bayan sallar asuba nakan fita gudu a Samaru tare da abokina Bulus, ɗan kudancin Kaduna, wanda muka yi karatu tare. Idan mun gama, shi sai ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa ta roba a gindin bishiya, ya shiga abin da ake kira yoga: ya miƙe, ya lanƙwashe, ya dafa ƙasa ya ɗaga ƙugu sama, yana jan numfashi a hankali. Ni kuwa sai in tsaya gefe, in harɗe hannuwa, ina kallonsa da tausayi.

"Malam, zo ka saki jijiyoyin nan naka," yakan ce. "Gudu ɗaure tsoka yake yi, wannan kuma kwance ta yake yi. Kai fa ko yatsun ƙafarka ba ka iya taɓawa."

"Bulus," nakan amsa, "ban ga wata buƙata da nake da ita a wurin yatsun ƙafata ba. Mutum mai kamala ba ya kifa kai a bainar jama'a." (Haka nake magana a lokacin. Har yanzu ma ban warke sarai ba.)

To, akwai Rukayya, wadda nake neman aure. Baffanta, yayan mahaifinta, shi ne mai yanke magana a gidansu, kuma ya ce ba za a ba magabatana izinin zuwa ba sai ya ga kamun kaina da idonsa. An gaya mini ya taɓa sallamar wani manemi saboda ya gaishe shi a tsaye. Saboda haka na tsara gaisuwata tsaf, na yi ta bitarta a gaban madubi.

Da safiyar ranar da zan je, fargaba ta hana ni sukuni. Sai na ce bari in kashe ta da gudu. Na kama hanya daga Samaru har sai da na hango Sabon Gari, sannan na juyo, abin da ban taɓa yi ba. Na dawo ban miƙe ko gaɓa ɗaya ba, na yi wanka, na zura babbar rigar da na sa aka yi wa guga, Bulus ya raka ni gidan Baffa a Jushi.

Muka yi sallama, muka cire takalma. Baffa yana zaune a kan buzu, dattijo mai farin gemu da idanu masu auna mutum. Na zube na tsuguna.

"Barka da yini, Baffa. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, samari. Ga tabarma, ku zauna."

Bulus ya zauna abinsa. Ni kuwa na san cewa mai neman aure ba ya saurin hawa tabarmar surukai, don haka na sunkuyar da kai na ce, "Nan ma ya wadatar, Baffa." Na ga alamar abin ya yi masa daɗi, sai na ƙara dagewa.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne 'yan'uwan Baffa. Da jin baƙon ya iso, suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasa gaisuwar: ina gajiya, yaya mutanen Samaru, yaya mahaifan naka, yaya aka ji da karatu. Kowanne na amsa masa a tsugune, da cikakkiyar Hausa. Tun ina jin ƙafafuna har na daina jin su.

Can aka kira sallar la'asar. Baffa ya miƙe ya ce, "To, madalla. Tashi mu je masallaci."

Na yunƙura. Tsokar sha-raɓata ta dama ta dunƙule kamar an cusa dutse a ciki. Na sake yunƙurawa, ta hagu ma ta bi sahu. Na kai hannu don in dafa bango, sai na dafa butar alwalar Baffa, ta kife. Ban ankara ba sai ga ni a rigingine cikin ruwa, ƙafafu a sama, hula ta gangara bakin ƙofa, babbar riga ta rufe mini fuska. Kuma (wannan ne ya fi yi mini ciwo) ihun da na kurma da Turanci na kurma shi.

"Subhanallahi! Farfaɗiya ce?" in ji wani daga cikin dattawan.

"A'a, Baba, taurin kai ne," in ji Bulus. Ya durƙusa, ya ɗora dugadugina a kafaɗarsa, ya danna yatsun nan da na ce ba ni da buƙata da su. "Malam, ja numfashi ta hanci. Riƙe. Saki a hankali. Yawwa, mai kamala."

Ina kwance ina bin umarni a gaban duk wanda nake so ya ɗauke ni da daraja, ina kuma jiyo dariyar mata daga cikin gida. A raina na riga na yi ban kwana da Rukayya. Amma cikin ikon Allah dutsen ya narke, ƙafa ta saki.

Baffa ya kalle mu, gemunsa yana rawa don dariyar da yake dannewa. Daga nan ya dubi Bulus.

"Kai ɗan nan, wannan abin da ka yi masa, yana yi wa ciwon baya?"

"Sosai ma, Baba."

"To, ka dawo ranar Asabar." Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma, na ga ladabi iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ladabi ya kayar ba. Ka turo magabatanka. Sai dai kafin ranar, ka koyi tashi."

Washegari na sayi tabarmar roba. Na kifa kai a gindin bishiyar nan, na ɗaga ƙugu sama, Bulus yana gyara mini tsayuwa yana ƙunshe dariya. Gaskiya kuwa dole in faɗe ta: tun daga lokacin gwiwata ta daina ƙara, numfashina ya daidaita a kan hanya, gajiyar gudu ba ta kwana a jikina, na kuma sadu da yatsun ƙafata bayan doguwar rabuwa.

Bayan ɗaurin aure na koma zauren domin godiya. Ina tsugunawa Baffa ya ɗaga murya: "A kawar da buta, ango ya sauka!" Zaure ya kaure da dariya. Na gama gaisuwata a natse, na miƙe cak ba tare da dafa komai ba, dattawa suka yi ta cewa madalla kamar na ci wata gasa.

Darasin da na ɗauka kaɗan ne: kafin mutum ya ƙi tabarmar surukai, ya tabbata bai ƙi ta Bulus ba.