Kwalba Uku Kafin Gwajin Suga

Jama'a masu karatu, ina farawa da neman afuwa, domin ban saba kai ƙarar manya ba, kuma ko yanzu ba ƙara na kawo ba. Bayani ne kawai na yadda Goggo Tasalla, yayar mahaifina, ta sha lemo kwalba uku ranar Talatar da ta wuce, minti goma kafin a auna sugan jininta.

Wata uku na yi ina lallaɓa ta ta yarda a duba ta. Goggo ta doshi sittin, ƙugunta ya buɗe, kai na yawan sara mata, ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa. A makarantar da na yi difloma an koya mana alamomi biyar masu tafiya tare: faɗin ƙugu, hawan jini, yawan suga, yawan kitse mai cutarwa a jini, da ƙarancin kitse mai amfani. Idan uku suka haɗu a jikin mutum, babba ne ko matashi, to zuciyarsa na cikin haɗari ko da yana jin kansa garau. Duk ranar da na karanto mata wannan sai ta ce, "Abdulmuɗallib, ƙibar nan gadon gidanmu ce. Kai ne dai ka fito kamar karan dawa."

Da aka yi shelar gwaji kyauta a Kwanyawa da ƙarfe takwas na safe, sai ta amince. Na jaddada mata sharaɗi guda: daga abincin dare kada ta sa komai a baki sai ruwa, domin suga ba ya faɗin gaskiya idan ciki na ɗauke da abinci. Ta haƙura da kokonta, abin da ba ta taɓa yi ba sai a watan azumi.

Bakwai da rabi muna ƙarƙashin rumfa. Ga ma'aikaciyar jinya, Malama Baraka, ga akwatin na'urori a kan tebur, an ɗaure shi da jan ƙyalle. Na gaishe ta, na tambaya cikin ladabi ko za a fara. Ta ce sai Mai Girma Babban Baƙo na Musamman ya iso ya yanke ƙyallen da almakashi.

Sha biyu ta yi. Malam Sulle, maƙwabcinmu, wanda shi ma bai karya ba, ya matso kusa da ni.

"Malam mai difloma, cutar nan da yunwa ake korar ta?"

Na ce ba haka ba ne, gwajin ne ke buƙatar ciki ba komai.

"To ai ni nawa cikin ya wuce ba komai, har ya fara cin kansa. A auna ni kafin in ƙare."

Ƙarfe biyu saura kwata Mai Girma ya iso da motoci bakwai. Allah Ya ƙara masa lafiya, ba zan ce komai ba game da yadda mutum biyu suka taimaka wa babbar rigarsa ta fito daga mota. Ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan illar zaƙi, ya gargaɗi ɗaliban sakandaren da aka jera don tafi da su guji kayan kwalba. Da ya kammala, saboda tausayinsa ga talakawan da suka wuni da yunwa, ya ba da umarni a sauke akwatunan lemo da biredi.

Na miƙe, na ɗaga hannu, na ce, "Ranka ya daɗe, gwajin..." Wani mai baƙin tabarau ya dube ni. Na zauna.

Mai ɗaukar hoto ya zagaya yana neman tsohuwa mai kwarjini, ya tsaya a kan farin gyalen Goggo. Mai Girma da kansa ya buɗe kwalba ya miƙa mata. Ta waiwayo ta dube ni, na girgiza kai har wuyana ya yi ƙara. Amma a gidanmu, abin da babba ya miƙa maka da hannunsa a gaban jama'a ba a ajiye shi, ba a kuma rage shi. Ta yi bismilla ta shanye. Mai hoto ya ce Mai Girma ya ƙifta ido. Aka kawo ta biyu. Ya ce hula ta karkace. A ta uku ne hoto ya yi kyau, Goggo kuma ta yi gyatsa ta ce, "Allah Ya saka da alheri."

Sannan aka yanke ƙyalle, aka fara gwaji. Duk wanda aka tsaga wa yatsa sai na'ura ta nuna suga ya yi sama. Mai Girma ya karɓi lasifika ya yi mana albishir cewa shirin ya yi gagarumar nasara, tunda a wuni ɗaya an gano cuta a jikin kusan kowa. Aka yi tafi. Malam Sulle ya dawo yana murmushi, ya ce tun da yake a duniya bai taɓa cin jarrabawa ba sai yau.

Ni kuwa na rasa sukuni, domin har yanzu ban san halin da Goggo ke ciki ba. Malama Baraka ta raɗa mini cewa ranar Asabar za a sake ƙaddamar da wannan akwatin a Rogo Ruma, mu zo da sassafe. Sai da na durƙusa kafin Goggo ta yarda ta sake barin koko.

Muka hau babur muka isa tun ba a gama kafa rumfa ba. Malama Baraka ta duba gabas da yamma, ta kwance ƙyallen a hankali, ta ja Goggo bayan wata bishiyar darbejiya. Suga ya ɗan haura iyaka, jini ya hau sosai, ƙugu kuwa ba sai an faɗa ba. Alamomi uku ke nan. Ta rubuta mata takardar zuwa asibiti a auna kitse, a kuma duba batun maganin hawan jini. Ta ce a rage gishiri da dunƙulen miya, a cire suga daga koko, a riƙa tafiyar rabin awa kullum.

Goggo ta ce, "Yarinya, kokon ma?"

"Shi ma, Goggo."

"To, na ji. Ke dai ba ki yi kama da mai ƙarya ba."

Malama Baraka ta mayar da ƙyallen yadda yake. An ce da azahar Mai Girma ya yanke shi, ya shaida wa jama'a cewa na'urorin sababbi ne fil, ba su taɓa ganin jinin kowa ba.

Saboda haka ina roƙonku alfarma. Idan kun ga wata dattijuwa tana taka ƙafa da hantsi a hanyar gonakin gyaɗa, tana mita ita kaɗai, ku gaishe ta ku wuce, kada ku tambayi wanda ya sa ta. A hukumance ba a yi mata awon ranar Asabar ba, ni kuma ina da takardar neman aiki a gaban manya.