Ribar Babban Akanta

Duk wanda bai san Babban Akanta ba bai san kuɗi ba, taɓa su kawai yake yi. Mutum ne da Allah ya hore wa kai. Mu da muke zaune bene ɗaya da shi muna alfahari da hakan, ko da yake ba a taɓa tambayarmu ba. A kamfanin da yake aiki akantoci biyu ne, shi da wata baiwar Allah da ta riga shi kama aiki, amma tun da ya sa aka ƙara masa "Babban" a ƙyauren ofis ba wanda ya yi ƙarfin halin gogewa. Aljihun rigarsa cike yake da biro, kowanne da launinsa. Ko burodi ya tsaya saye sai ya gyara tabarau, ya dubi mai kanti kamar wanda aka turo bincike.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai tun yana saurayi: ya goya jaka ya shiga duniya, ƙasa bayan ƙasa, ya ga teku, ya ga duwatsun nan masu farin kai da ke jikin kalandar ofishinsa. Wannan kam ba burga ba ce, har zuciya yake so. Shekara da shekaru yana tara guzuri a wani asusu na daban. Ya hana kansa sabon takalmi, ya hana kansa motar haya in dai ƙafa za ta kai, har Maman yara ta gaji ta daina yi masa maganar sauya labule. Bana aka ba shi dogon hutu na wata uku, biza ta fito, yara suna makarantar kwana. Abin da ya tara zai kai shi ya dawo da shi lafiya lau, in dai an bi a hankali.

Sai ƙanin matarsa ya zo cin abincin rana ya ɓata komai. Shi wannan bawan Allah ya yi irin wannan tafiyar a shekarar da ta wuce, da 'yar jakarsa kamar ta ɗan makaranta, ya dawo baki cike da labari. Ana cikin hira ya faɗi abin da ya kashe. Babban Akanta ya ajiye cokali a hankali, ya goge baki.

"Ƙanena, abin da ka yi ba tafiya ba ce, rabon kyauta ne. Ka sayi ruwa, ka biya ɗakin kwana, ka ci a gidan abinci, ka ba da wanki. Kowace ƙasa ka shiga sai da ka bar mata rabonta. Ni da rabin wannan zan je, in wuce inda ka tsaya, in dawo da canji. Ka rubuta ka ajiye."

Ƙanin ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Yaya," ya ƙara miya.

A nan ne duniya ta fara amfana da babban ilimin da Akanta ya daɗe yana ɓoyewa. Ilimin kuwa shi ne, kuɗin da mutum ba zai kashe gobe ba riba ce da ya ci yau. Ya faɗa wa Maman yara, ya faɗa mana a matattakala, ya faɗa wa mai gadi. Washegari ya nufi kantin kayan matafiya da ke bayan tashar jirgin ƙasa, katin banki a hannu.

Mai kantin mutum ne mai ladabi, da ganin biron aljihu ya jawo kujera. Ya nuna masa wata matatar ruwa da za ta shiga aljihu, wadda aka ce ko ruwan kududdufi ka zuba mata sai ya fito garau. Akanta ya lumshe ido, ya lissafa kwalaben ruwan wata uku, ya cire kuɗin matatar, ya buɗe ido yana murmushi. Ya saya. Da yamma ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai.

"Maman yara, taya ni murna. Yau na ci ribar ruwan wata uku."

Ta dubi hannunsa, ta dubi ledar. "To ina ribar take, Baban yara?"

Ya ƙwanƙwasa goshinsa da biro. "Tana cikin lissafi."

Lissafin kuwa a kansa yake, don ya sha faɗa cewa takarda ta masu mantuwa ce, duba asusu a waya kuma aikin waɗanda ba su yarda da kansu ba ne.

Daga nan hikimar ta hau. Tun da matatar nan ta rage masa kuɗin ruwa, ai yana da rarar kuɗin ruwa. Da rarar ya koma ya sayi tanti, wanda ya rage masa kuɗin ɗakin kwana. Wannan riba ce babba, ba a barin irinta zaune, saboda haka ya sa ta a ɗan murhun gas da tukwane masu shiga cikin juna, suka kashe maganar gidan abinci. Ribar abinci ta sayi takalmin hawan dutse, don mai takalmi nagari ba ya buƙatar bas. Ribar bas ta sayi farantin sola na cajin waya, da bargon da ake zuge shi kamar buhu, da injin aski, da wata jakar roba da ake jijjigawa ta wanke kaya. Jakar goyon da ya fara saya ta kasa ɗauka, aka sauya da babbarta, wadda in ka tsayar da ita ta kai ƙirjin mutum. Kullum katin banki yana shiga na'ura yana fitowa, kullum Akanta yana ƙara arziki. Mai kanti ya fara ajiye masa shayi. Har ya riƙa kiransa Farfesa, Akanta kuma bai ga dalilin gyara masa ba.

Kowane kaya sai an gwada shi a falo, an yage leda, an cire tambari. Mu da ke ƙasansu mun sha jin ƙarar sandunan tanti. Kowace yamma Maman yara tana tambaya, kowace yamma biro yana taɓa goshi. Sau ɗaya ta ce masa ko zai ɗan leƙa asusun, don hankalinta ya kwanta. Ya yi mata dariyar tausayi, irin wadda likita ke yi wa mai kawo masa shawarar magani.

A ofis aka yi masa liyafar ban-kwana. Ya tashi ya yi jawabi, ya fi na manaja tsawo.

"'Yan'uwa, talaka yana tafiya da kuɗi, masani yana tafiya da tsari. A lissafina na yanzu, kafin in taka jirgi na riga na ci ribar da ta fi guzurin da na fara da shi. Ma'ana, ƙasashen nan su ne za su biya ni. In na dawo zan shirya muku bita, kyauta."

Aka tafa. Ɗaya akantar ta buɗe baki, ta tuna ba a tambaye ta ba, ta sa kek a ciki. Suka ba shi hular rana mai faɗi, ya sa ta a nan take.

Tikiti ne kaɗai ya bari sai ƙarshe, don babu tsimi a cikinsa, bai ba shi sha'awa ba. Ana saura 'yan kwanaki ya shiga ofishin masu sayar da tikiti da hularsa, ya zaɓi kujerar taga, ya miƙa kati da yatsu biyu. Na'ura ta yi tunani ta ƙi. Ya bayyana wa matar da ke kan tebur cewa na'urorin zamani ba su da tarbiyya. Ta sake sawa, na'urar ta sake ƙi. Cikin ladabi ta ce ko Yallaɓai zai duba wayarsa. Ya duba, karo na farko tun ranar da ya sayi matatar ruwa. Abin da ya rage a asusun zai iya mai da shi gida a motar haya, in direban mai sauƙin kai ne.

Wallahi na tausaya masa. Na gan shi ya shigo da ƙafa, hula a hannu, ya tsaya a gindin matattakala ya daɗe kamar ya manta hawan da yake. Shekarun nan duka, da takalmin da bai saya ba, da duwatsun kalanda, suna can sama jingine da bangon falo cikin jaka ɗaya. Washegari ya koma kanti. Mai kanti ya nuna matuƙar baƙin ciki, ya ce kayan da aka cire wa tambari ba sa komawa, Farfesa ma ya sani. Ranar ba a kawo shayi ba.

Amma babban mutum ba ya faɗuwa haka kawai. An riga an yi liyafa, ba zai yiwu a gan shi a layin burodi ba. Ran da ya kamata jirgi ya tashi, ya sa aka kama masa jakar, shi da mai gadi suna nishi, suka hau da ita rufin bene, inda muke shanya. Ya kafa tanti tsakanin tankin ruwa da igiyoyin wanki. Ya tara mu ya yi bayani.

"Wannan shi ake kira matakin gwaji. Babu kamfanin kirki da ke fitar da kaya bai gwada ba. Duk wanda ya faɗa a waje, ya ci amanar bincike."

Ba mu faɗa ba. Muna hawa shanya mu tarar da shi yana tace ruwan famfo, yana jijjiga jakar wanki, yana juya farantin sola yana bin rana. Da yamma yakan zauna a bakin tanti ya zuba wa jiragen sama ido har su ɓace, a lokacin ba ya jawabi. Maman yara takan hau da kwano a rufe, ta zauna gefensa, ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Ƙaninta ma ya zo, ya zagaya tantin, ya yaba ɗinkin, ya tambaya ko ana karɓar baƙi.

Ana cikin sati na uku gas ɗin murhu ya ƙare, shayi bai tafasa ba. Akanta ya girgiza gwangwanin a kunne, ya laluba aljihu, biro kawai ya samu. Maman yara tana kwashe zannuwan gado daga igiya. Ya gyara murya, ya rage ta yadda ba za mu ji ba, muka kuwa ji.

"Maman yara, ko za ki ɗan ba ni na gas, zuwa ƙarshen wata?"

Ta ninke zanen gadon tsaf, ta ɗora a kafaɗa, ta matso ta gyara masa zaman hula. Sannan ta sa ɗan yatsa ta ƙwanƙwasa masa goshi a hankali.

"Haba Baban yara, kai da ke da riba jibge? Ciro a nan mana."